Hoto, Murya da Halarta: Kalmomin Fasahar Talabijin a Ma'aunin Fiƙihu

Malaman usulul fiƙihi, wato masana ƙa'idojin ciro hukunci daga nassi, sun daɗe da kafa sharaɗin cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fara sanin haƙiƙaninsa, domin wanda ya yi kuskure wajen gane abu zai yi kuskure wajen halatta shi ko haramta shi, komai zurfin karatunsa. Nauyin wannan sharaɗi ya fi bayyana a kan baƙon abu wanda ya shigo da kalmominsa, kuma a cikin baƙin abubuwan da suka shiga gidajen Musulmin arewacin Kamaru cikin shekara 40 da suka wuce, da wuya a sami wanda ya tayar da tambayoyin addini kamar talabijin. Tambayoyin uku ne a dunƙule: shin abin da ke bisa allo yana cikin surorin da shari'a ta yi magana a kansu, shin muryar da ke fitowa daga lasifika tana tsayawa a matsayin mai ita a cikin ibada, sannan shin abin da ido ya gani a bidiyo yana zama shaida. Babu ɗaya daga cikinsu da ke amsuwa sai an san ma'anar 'yan kalmomin da masu sana'ar ke amfani da su kullum.

Garin Garwa, hedikwatar Yankin Arewa da ke bakin kogin Binuwai, ya saba da muryar da ke zuwa ta iska tun a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da gidan rediyonsa ya fara watsa shirye-shirye da Faransanci da Fulatanci da Hausa. Talabijin ne ya makara, har Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa kuma shugaban ƙasar na farko, ya sauka daga mulki a 1982 Kamaru ba ta da tashar kanta, alhali Ibadan ta buɗe tata a 1959, Kaduna kuma a 1962. Sai a watan Maris na 1985 aka nuna hotunan farko, lokacin babban taron jam'iyya mai mulki a Bamenda, sannan a Disamban 1987 doka ta haɗe rediyo da talabijin na gwamnati a ƙarƙashin hukumar CRTV. Daga baya farantan tauraron ɗan'adam suka cika rufin gidaje, ta yadda magidanci a unguwar Fulɓere ko Yelwa yake iya kallon labaran Yawunde, ya juya zuwa Arewa24, ya sake juyawa ya tarar da tafsirin wani malamin Nijeriya ko sallar da ake yi a Masallacin Harami na Makka, duk a zama ɗaya.

Da yake Garwa tana tsakanin duniyar Faransanci da ta Ingilishi, kalmomin sana'ar sun iso mata ta ƙofa biyu. Mai gyara a kasuwar garin zai ce tele da parabol da direk da montaj, takwaransa na Yola ko Kano zai ce talabijin da dish da editin, gidajen rediyon Hausa kuma suka ƙirƙiro nasu, kamar watsawa kai tsaye, da naɗar murya, da tace hoto, da ɗora murya. Bambancin lafazi ba shi da illa muddin ma'ana ta fito, amma akwai kalma ɗaya da ta jawo ruɗani, ita ce hoto. Kalmar aro ce da asalinta ke nufin abin da kyamara ta ɗauka, sai masu fassara suka ɗora ta a kan kalmar Larabci ta sura, wadda hadisai suka yi amfani da ita wajen tsoratar da masu yin siffar abu mai rai. Ta haka gunkin da aka sassaƙa, da zanen hannu, da hoton katin shaida, da fuskar mai karanta labarai a allo, duk suka shiga buhu ɗaya, mai sauraron wa'azi kuma ya ɗauka hukuncinsu ɗaya ne tunda sunansu ɗaya ne.

Mene ne ke bisa allo?

Asalin aikin kyamara tsohon sani ne, domin Hasan ɗan Haisam, masanin da aka haifa a Basra wajen 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya tabbatar da cewa haske ne ke tasowa daga abubuwa ya shigo ido, ya kuma gwada yadda hasken da ya ratsa ƙaramar kafa zuwa ɗaki mai duhu yake sauka a bango da siffar abin da ke waje. Wanda ya taɓa kishingiɗa da tsakar rana a rufaffen ɗaki, ya ga siffar masu wucewa tana tafiya a bango kai a ƙasa ta wani ɗan hujin ƙyaure, ya ga kyamara a mafi sauƙin siffarta. Abin da zamani ya ƙara shi ne gilashin da ke tattara hasken, da wani ɗan faifai a bayansa mai miliyoyin gurabe, kowane gurbi yana auna hasken da ya faɗo masa ya mayar da shi lamba. Kowane ɗigo na hoton da aka samu ta wannan hanya shi ake kira fiksel, yawan ɗigogin kuma shi ke nuna kaifin hoto, inda ma'aunin da ake kira cikakken HD yake da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato fiye da miliyan 2, na 4K kuma ya zarce miliyan 8. A jikin allo kowane ɗigo haɗin ƙananan haske uku ne, ja da kore da shuɗi, masu ƙaruwa da raguwa bisa umarnin sigina, wato saƙon lantarkin da ke ɗauke da lambobin, kuma da zarar wuta ta ɗauke ba abin da ke saura face baƙin gilashi.

Wannan bayani yana da nauyi a mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Musulmin wannan yanki ke bi tun zamanin Modibbo Adama, domin malamanta ba su yi wa surori kuɗin goro ba. Abin da suka haramta shi ne siffar abu mai rai idan tana da jiki mai yin inuwa kuma gaɓoɓinta sun cika, kamar mutum-mutumi, amma wadda aka zana a takarda ko bango ko tufa ba su wuce karhanta ta ba. Da kyamara ta zo, Shehu Muhammad Bakhit al-Muti'i, wanda ya riƙe muƙamin muftin Masar ya kuma rasu a 1935, ya rubuta risala yana halatta hotonta, hujjarsa kuwa ita ce mai ɗaukar hoto bai ƙaga siffa da hannunsa don kwaikwayon halitta ba, ya dai tsare inuwar abin da Allah ya riga ya halitta, kamar yadda madubi ke nunawa. Daga baya Shehu Muhammad ɗan Usaimin na Saudiyya, wanda ya rasu a 2001, ya bambanta kaset ɗin bidiyo da hoton takarda, saboda wanda ya zaro zaren kaset ya duba ba zai ga fuska ko hannu a jikinsa ba. Akwai kuma malaman da suka tsaya a kan cewa lafazin hadisan gamamme ne, ya haɗa kowace siffa ta kowace hanya aka samar da ita, sai abin da lalura ta tilasta kamar fasfo, kuma suna da abin cewa idan suka nuna cewa hoton da aka adana a waya ana iya kiransa sau dubu ya amsa, don haka ba mai gushewa ba ne kamar na madubi.

Kowane ɓangare a wannan saɓani yana dogara ne da wata siffa ta fasaha, ko rashin aikin hannu, ko rashin tabbatar siffar a wuri ɗaya, ko yiwuwar adana ta, kuma malamin da bai san bambancin zane da ɗauka ba, ko bambancin bugawa a takarda da haskawa a allo, ba shi da ƙofar shiga muhawarar. A aikace rinjaye ya koma ga masu sauƙaƙawa, tambayar kuma ta tashi daga kan zatin hoton ta koma kan abin da yake nunawa, ta yadda kallon tsiraici ya haramta a allo kamar yadda ya haramta a fili, kallon darasi kuma ya halatta a allo kamar yadda ya halatta a zaure.

A ƙarƙashin mas'alar fiƙihu akwai ta falsafa, wadda ta shafi motsi. Bidiyo jerin hotuna ne marasa motsi, kowane ɗaya ana kiransa firem, waɗanda ake sauyawa da saurin da ido ba ya iya rarrabe su. Kamaru ta ɗauki tsarin PAL irin na Nijeriya, saɓanin Nijar da wasu ƙasashen rainon Faransa da suka bi SECAM, kuma a duka tsarin biyu ana nuna firem 25 a kowane sakan, kowanne an raba shi gida biyu ya zama haskawa 50. An daidaita wannan adadi ne da wutar lantarki mai kai-komo sau 50 a sakan, irin wadda madatsar ruwa ta Lagdo ke turo wa Garwa, shi ya sa Amurka mai wutar 60 take da firem kusan 30. Ɗan wasan da ake gani yana gudu a allo ba ya gudu a ko ɗaya daga cikin hotunan, gudun yana haɗuwa ne a cikin mai kallo.

Masanan Musulunci sun san wannan sirri tun ba a ƙera na'ura ba. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kafa hujja da ɗigon ruwan sama da ake gani kamar miƙaƙƙen zare, da ɗigon da ake juyawa da sauri har a gan shi kamar da'ira, a kan cewa akwai wani ƙarfi a bayan ido wanda ke riƙe siffar da ta wuce har ta haɗu da mai zuwa. Yaron da ya zaro bakin wuta daga murhu da daddare yana wulwula shi, ƙannensa suna ganin jan zobe a cikin duhu, gwajin nan yake maimaitawa, domin zoben ba ya ko'ina sai a ganinsu. Magabatan malaman tauhidi na tafarkin Ash'ariyya, wanda a kansa aka gina littattafan aƙida da ake karantawa a zaurukan yankin, sun tafi nesa da haka, inda suka ce siffofin da ke jikin halitta, kamar launi da motsi, ba sa wanzuwa lokaci biyu a jere, Allah ne ke sabunta irinsu a kowane lokaci. Ba a kafa aƙida da misalin na'ura, amma allon talabijin ya sauƙaƙa wa ɗalibi fahimtar yadda za a riƙa sabunta abu alhali ido yana rantsuwa cewa abu ɗaya ne mai ɗorewa.

Muryar da ta rabu da mai ita

Sauti girgizar iska ce. A cikin makirufo akwai wata 'yar fata siririya kamar ta bakin kalangu, wadda ke rawa idan murya ta buge ta, rawar kuma ta koma igiyar lantarki mai hawa da sauka daidai da ita, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, lasifika ta mayar da ita girgizar iska kamar yadda ta faro. A tsarin dijital ana auna tsayin igiyar sau 48,000 a kowane sakan a aikin talabijin, a rubuta kowane awo da lamba, ta yadda abin da ke cikin waya ko kwamfuta jerin lambobi ne da ke koya wa lasifika yadda za ta yi rawa. Daga nan ne bambanci mafi muhimmanci a wannan babi ya fito, wato bambancin abin da ake watsawa kai tsaye, inda mai magana yake maganar a lokacin da ake jin sa, da abin da aka naɗa, inda yana iya kasancewa yana barci ko ma ya daɗe da rasuwa.

Lasifikar masallaci ta sami karɓuwa a wurin mafi yawan malamai, domin an kwatanta ta da mai jiyarwa, wato mutumin da ke ɗaga murya yana isar da kabbarar liman ga sahun baya. Naɗaɗɗen kiran salla kuwa hukuncinsa daban ne, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami da ke Makka ta yanke a 1986 cewa kunna kaset a masallaci idan lokaci ya yi ba ya isar wa jama'a, saboda kiran salla ibada ce mai buƙatar niyya daga mai rai a lokacin da ake yin ta. Haka abin yake ga sujadar tilawa, wadda Malikiyya suka ƙidaya wurarenta 11 a Alƙur'ani, suka kuma sharɗanta cewa mai sauraro ba ya sujada sai idan ya zauna ne domin ya koya daga makarancin, makarancin kuma ya cancanci ya yi masa limanci. Malaman Hanafiyya ma, ƙarnoni kafin a ƙera rikoda, sun tattauna hukuncin wanda ya ji ayar sujada daga amsa-kuwwar dutse ko daga bakin tsuntsun da aka koya wa magana, suka ce babu sujada a kansa. Wannan bai rage darajar sauraron naɗaɗɗen karatu ba, tunda kalmomin na Allah ne ko ta wace hanya suka iso kunne, kuma mai sauraro yana da tasa niyyar. Abin da aka kore shi ne na'ura ta tsaya a madadin mai ibada.

Saura tambayar da ta fi wuya, wato ta kai tsaye, domin a nan liman yana raye, yana cikin sallarsa, ana ganinsa ana jin sa. Da farko dai kalmar tana ɓoye wani jinkiri. Tauraron da farantin gida ke fuskanta yana nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa, sigina mai gudun haske yana cin kusan rubu'in sakan kafin ya hau ya sauko, a ƙara da lokacin da na'urori ke ɗauka suna matse hoton, wato suna zubar da abin da ya maimaitu tsakanin firem da firem, sannan dikoda ta warware shi a gida, jimillar kuma takan kai sakan da yawa. A gasar cin kofin Afirka da aka buga a farkon 2022, lokacin da filin Rumde Ajiya na Garwa ya karɓi rukunin Nijeriya, wanda gidansa ke daf da filin yana iya jin ihun 'yan kallo ta taga alhali a allonsa ƙwallo ba ta kai raga ba. Idan aka mayar da misalin kan salla, mai bin liman ta allo zai yi ruku'u a lokacin da limamin ya riga ya ɗago.

Duk da haka, ko da fasaha ta kawar da jinkirin gaba ɗaya, tambayar tana nan. Malamin hadisi na Maroko, Ahmad ɗan Siddiƙ al-Gumari, wanda ya rasu a 1960, ya rubuta littafi yana inganta sallar Juma'a a gida a bayan rediyo, kuma an sake tono ra'ayinsa a 2020 lokacin da annobar korona ta sa aka rufe masallatai a ƙasashe da dama. Jumhurun malamai ba su bi shi ba, ko da yake Malikiyya masu sassauci ne a wannan babi, tunda sun yarda a bi liman ko da hanya ko ƙaramin kogi ya raba shi da mamu, muddin ana jin sa ko ana ganinsa. Dalilin jumhurun shi ne jam'i, kamar yadda sunansa ya nuna, haɗuwar mutane ce a wuri ɗaya ko wuraren da ke manne da juna, inda attajiri ke haɗa kafaɗa da ɗan dako, a san wanda ya zo a kuma cigiyi wanda bai zo ba. Ga mutumin Garwa akwai ƙarin cikas na lokaci, domin agogon Makka yana gaban nasa da awa 2, kuma sa'ad da ake tayar da isha'i a Harami cikin watan azumi shi yana wajen buɗa-baki ne. Halarta kuwa hawa-hawa ce, shi ya sa majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a Jidda a watan Maris na 1990 cewa cinikin da aka ƙulla ta tarho kamar na mutane biyu ne a majalisi ɗaya, amma ta cire ɗaurin aure saboda sharaɗin shaidu, da canjin kuɗi saboda sharaɗin karɓa hannu da hannu.

Gani da ji a zamanin tacewa

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma maganar ta yi daidai a inda ido ke ganin abu a wurinsa da lokacinsa, amma tsakanin abin da ya faru da abin da ya bayyana a allo akwai hannuwa da yawa. Mai ɗaukar hoto yana zaɓar kusurwa, wato inda zai tsaya, da iyakar abin da zai shiga firem, ta yadda taron mutum 50 zai cika allo idan an kusanto da shi, taron dubbai kuma ya zama tsiraru idan an nuna gefen da ya watse. Mai tacewa yana yankewa yana jerawa, kuma tun wajen 1920 mai shirya fim na Rasha Lev Kuleshov ya gwada cewa fuska ɗaya tak, idan aka haɗa ta da hoton kwanon miya sai masu kallo su ga yunwa a cikinta, idan aka haɗa ta da akwatin gawa sai su ga baƙin ciki. Mai haɗa sauti kuma yana iya ɗaga wata murya ya danne wata, ko ya ɗora tafi a inda ba a yi tafi ba.

A filin Rumde Ajiya aka ga iyakar shaidar hoto ranar 23 ga Janairun 2022, lokacin da Tunisiya ta fitar da Nijeriya da ci 1-0, alƙalin wasa kuma ya kori Alex Iwobi da jan kati bayan an sake duba abin da ya faru a na'urar bidiyo. Hoton da aka rage wa gudu ya nuna inda ƙafa ta taka ƙafa, amma bai kashe gardama a majalisun shayi ba, saboda rage gudu yakan sa abin da ya faru cikin ƙiftawar ido ya yi kama da wanda aka yi da gangan. Masu tsara dokokin ƙwallon ƙafa da kansu sun san haka, shi ya sa ƙa'idarsu ta tanadi a yi amfani da hoto mai tafiyar hawainiya wajen gano inda aka taɓa, a koma gudun asali wajen auna tsananin laifi. Kyamara tana riƙe zahirin aiki, niyya kuwa, wadda shari'a ta rataya ayyuka a kanta, ba ta da launin da fiksel zai ɗauka.

Musulmi ba baƙi ba ne ga irin wannan matsala, domin ilmin hadisi an gina shi ne a kan tambayar yadda magana ke tafiya daga bakin mai ita zuwa kunnen wanda bai halarta ba. Malaman fannin sun halatta taƙaita hadisi ga masani kaɗai, da sharaɗin kada ma'anar abin da aka bari ta rataya a kan abin da aka yanke, kamar togiya ko sharaɗi, sun kuma ba da suna ga cusa maganar mai ruwaya a cikin matani, suka kira shi idraji. Wanda ya yanko sakan 30 daga karatun awa 2 na wani malami, ya jefar da inda malamin ya ce wannan ra'ayin wasu ne kuma kuskure ne, sannan ya watsa guntun a WhatsApp, ya aikata abin da waɗancan malamai suka hana, ko da kowace kalma a ciki daga bakin malamin ta fito. Wanda ya tura guntun gaba ba bincike ya shiga isnadin, wato jerin masu ruwaya, kuma aya ta 6 ta Suratul Hujurati, wadda ta yi umarni da tantance labari kafin a cutar da mutane cikin jahilci, ta hau kansa.

Ɗora murya ta ƙara tsananta lamarin. Finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa a Kano ba su yaudari kowa ba, domin mai kallo ya san jarumin bai iya Hausa ba, amma manhajojin ƙirƙirarriyar basira na yanzu suna iya koyon muryar mutum daga ɗan abin da aka naɗa, su furta da ita abin da bai taɓa faɗa ba, su kuma daidaita motsin leɓɓansa da sabuwar maganar. Malikiyya sun karɓi shaidar makaho a kan abin da ya ji idan ya tabbatar da muryar, amma wancan makahon yana jin ta ne daga maƙogwaron mai ita, ba wanda ya shiga tsakani. Wannan na cikin dalilan da suka sa yawancin malaman zamani suke ɗaukar naɗaɗɗen sauti da bidiyo a matsayin ƙarina, wato alamar da ke ƙarfafa zato kuma take buƙatar masani ya tantance ta, ba su kai ta matsayin shaidun da ake tsayar da haddi da su ba.

Jahiltar kalmomin sana'ar yana jefa mutum cikin ɗayan kuskure biyu masu kishiyantar juna. Wanda bai san fiksel da sigina ba yana iya haramta abin da mazhabarsa ba ta haramta ba, ya hana iyalinsa darasin da zai amfane su, wanda kuma bai san naɗi da tacewa da ɗora murya ba yana iya gaskata abin da bai cancanci gaskatawa ba, ya ci mutuncin malami ko maƙwabci da guntun bidiyo. Na'ura tana ɗauko kamannin mutum da amon muryarsa, wanda ya isa a koyi karatu, a ji labari, a ƙulla ciniki, tana kuma barin niyyarsa da kasancewarsa a wuri, waɗanda ibada da shaida suka dogara a kansu.

Saboda haka ya kamata malaman Garwa da Marwa da Ngaundere su zauna da masu ɗaukar hoto da masu haɗa sauti na yankin, su ga yadda ake yanka da yadda ake jerawa da idonsu, sannan a daidaita kalmomin da Hausa da Fulatanci, ta yadda za a daina kiran gunki da hasken allo da suna ɗaya a kan mumbari. Wajibi ne tashoshi, musamman na addini, su riƙa rubutawa a gefen allo ko shiri kai tsaye ne ko maimaici, don kada mai azumi ya sha ruwa da kiran sallar wani gari ko na jiya, su kuma ajiye cikakken karatu a inda mai neman asalin guntu zai same shi. Mai kallo kuwa, kafin ya gaskata bidiyo ko ya tura shi gaba, ya tambayi wanda ya ɗauka, da ranar da aka ɗauka, da abin da aka yanke, idan bai sami amsa ba ya bar shi a inda ya tsince shi.